Akwatin da Yaya Ya Tashi a Ciki

Yayana direba ne. Yana da wata tsohuwar a-kori-kura da yake ɗaukar masara da shinkafa daga garinmu Ƙofa zuwa kasuwannin Kiru da Tudun Wada, wani lokaci har Kano. Wani rani da lodi ya yi wuya, 'yan fim suka ɗauke shi haya ya kai musu kaya can bayan Doguwa, a gindin duwatsu. Ya ce mana kwana biyu zai yi. Sai da wata ya kusa zagayowa muka gan shi, ya yi baƙi, ya rame, bakinsa ya ƙi rufuwa don dariya.

A zaure ya ja ni gefe ya ce, "Auta, sun saka ni a fim ɗin."

Na ce, "Kai Yaya? Da wannan fuskar?"

"Fuskar ce ta ja. Daraktan ya hango ni ina sauke janareta, ya ce tun da yake bai taɓa ganin mai rai da ya yi kama da gawa irina ba."

Muka yi ta dariya. Ya ba ni labarin yadda suka shafe shi da toka, suka kwantar da shi a wani akwati, aka ce kada ya motsa sai ya ji an buga ƙarfe. Ko kalma ɗaya ba a ba shi ya faɗa ba. Na tambaye shi ko zai gaya wa Inna. Ya ce, "Ta ina zan fara?"

Gaskiyarsa. Shi ne ɗan farin Inna, ita kuwa mutumiyar da ce, kunyar ɗan fari ta riƙe ta yadda ta gada. Tun yaye aka miƙa shi ga Gwaggo, yayar mahaifinmu, ita ta raine shi. Idan ya shigo gaishe da Inna, a bakin ƙofa yake durƙusawa, ita kuma idonta na kan tabarma ko kan shinkafar da take tsincewa. In maganarsa ta kama, "yaron nan" take cewa, har ya fara furfura a gemu. In ya kawo mata atamfa, ni take aika wa da godiyar.

Da damina ta yi tsakiya, masara ta fara goyo, ya ɗauko lodi daga Doguwa. A cikin dajin Falgore ya yi gaba da gaba da wata babbar mota, wuta ta kama. Mutanen wani ƙauye da ke bakin dajin suka kwashe waɗanda suka rasu, suka yi musu sutura kafin rana ta faɗi. Labari bai iso mu ba sai washegari. Da na je, kaburbura na tarar da ɗanyar ƙasa a kansu, da ƙarfen mota a gefen titi. Lambar motar na karanta na gane. Babu wani daga gidanmu da ya ga gawarsa.

Inna ba ta yi kuka ba. Masu ta'aziyya in sun zo, sai ta nuna musu ɗakin Gwaggo ta ce, "Uwarsa tana can." Aka yi sadaka, aka watse, ta ci gaba da sana'arta ta daddawa. Mutane suna yaba haƙurinta. Ni ma na yaba.

Bayan an gama girbi fim ɗin ya fito. Labarin wani zamani ne nan gaba, ruwan sama ya ɗauke shekara da shekaru, masu hali sun hau jirage sun koma wata duniya a sama, sun bar talakawa a ƙasa. Sai waɗanda aka bari suka tono wani akwati a cikin dutse, wanda in an kwantar da mamaci a ciki numfashinsa yake dawowa. Yaya ne mutum na farko da aka gwada a kansa.

Ban taɓa ganin fim ya kama gari haka ba. An ce a Kano sai da aka yi layi a silima har bakin titi. Malamai suka yi wa'azi a kansa, wasu suka ce a hana, hakan ya ƙara masa kasuwa. Masu a-daidaita-sahu suka manna hotunansa. Hoton da aka fi mannawa kuwa ba na jarumin ba ne, fuskar Yaya ce, fara fat da toka, ido a buɗe. In na je kasuwa sai ta wuce ni a bayan mota, in juya in sake cin karo da ita a shagon mai caji.

Sau ɗaya na shiga gidan kallo a Bebeji, da rana, na zauna a baya. Da aka zo wurin, ɗakin ya yi tsit. Haske shuɗi ya cika akwatin, murfin ya ɗaga a hankali, Yaya ya buɗe ido, ya ja numfashi da ƙarfi ya tashi zaune. Gidan ya kaure da ihu da tafi. Wani da ya san ni ya waiwayo yana dariya, muka haɗa ido, dariyar ta tsaya masa. Na tashi na fita.

Samari suka yanke daidai wannan wurin suna tura wa juna a waya. A ƙasa su rubuta, idan aka ce tuwo ya sauka, ko idan albashi ya shiga. Ba da mugunta suke yi ba, yawancinsu ba su ma san ya rasu ba. Mu dai a gida muka yi shawara kada Inna ta gani.

Wata dillaliya ce ta nuna mata. Ta shigo da zannuwa, ta zauna hira, tana ganin alheri za ta yi. Ina shigowa daga gona na tarar da Inna riƙe da wayar matar da hannu biyu, ta kusanto da ita fuskarta. Ban taɓa ganin ta kalli Yaya haka ba, ido cikin ido, ba ƙiftawa. Da ya ƙare ta ce a maimaita. Aka maimaita.

Ta ce, "Yaushe aka yi wannan?"

Dillaliyar ta ce, "Ai sabo ne fil, Inna, bai daɗe da fitowa ba."

Inna ta gyaɗa kai. Ta miƙa wayar, ta taya zani ɗaya kamar ba komai, matar ta tafi. Da yamma aka kawo mata tuwo, ta buɗe ta rufe.

Ta ce, "Auta, yaron nan yana hannun mutanen nan."

Na zauna na yi mata bayani iyakar iyawata. Na ce wasa ne, kuma tun rani aka ɗauka, yana da ransa da lafiyarsa, shi da bakinsa ya ba ni labari. Ta saurare ni har na gama.

"In da rani aka yi, me ya hana a gani da rani? Hoto in an ɗauka ai a ranar ake gani. Na aure ma haka ake yi."

Na ce fim sai an kai shi an gyara, ana daɗewa.

"Kai ka ga gawarsa?"

Na ce ban gani ba.

"To."

Daga ranar abinci ya daina shiga. Ba rantsuwa ta yi ba, ba kuma fushi take da kowa ba. In an matsa mata takan kai loma baki, ta daɗe tana juya ta, sannan ta fito da ita a tafin hannu. Ta ce duk lokacin da za ta haɗiye sai ta tuna haƙarƙarinsa a cikin akwatin nan, ba ta san ko suna ba shi abinci ba. Ruwa kaɗai take kurɓa, sai ɗan kunu in Gwaggo ta tsaya a kanta. Ga shi tana da ciwon suga, maganinta ba a shan sa da yunwa.

Wayata ta koma wurinta. Da farko kira na take in danna mata, daga baya ta koyi inda ake taɓawa da babban yatsa. Daddawa ta lalace a tukunya. Tana zaune a ƙofar ɗaki, murfi yana ɗagawa, Yaya yana tashi, ta sake taɓawa.

Gwaggo ta zo da sandarta ta tsaya a kanta.

"Ke matar nan, ni na goya shi, ni ya yi wa fitsari a baya, ni na yi masa aure. Na haƙura. Ke da ko kallonsa ba kya yi, yau ke ce mai ɗa?"

Inna ta ce, "Gwaggon yara, zauna ki gani."

"Ba zan gani ba. Toka ce suka shafa masa, tokar murhu. Ni ma in kin shafa min sai in fi shi kama da gawa."

"Ke ai ba sai an shafa ba."

Gwaggo ta buɗe baki za ta rama, sai muryarta ta karye. Ta zauna a gefen tabarmar, ta juya wa wayar baya, tana share ido da bakin mayafi. Rabon da in ji Inna ta yi wa wani tsiya tun kafin rasuwar, har na ji daɗi a raina. Amma kwanon da Gwaggo ta kawo haka ya koma.

Muka ɗauko limamin unguwarmu. Ya zauna daga bakin ƙofa, ya yi nasiha mai taushi, ya ce babu mai raya matacce sai Allah, kuma mumini ba ya barin zuciyarsa ta bi ƙarfe da wayar lantarki.

Inna ta ce, "Allah gafarta malam, ban ce ƙarfe ya raya matacce ba. Astagfirullah. Cewa na yi bai mutu ba. Dogon suma ya yi, mutanen nan suka tsince shi a daji suka yi masa magani. Ba a taɓa yi ba?"

Liman ya ce ana yi.

"A cikinku wa ya wanke shi?"

Liman ya dube ni. Ya yi addu'a ya tashi. A zaure ya ce mini, "Ku bi ta a hankali, ku kuma yi sauri."

Abin da ban gaya wa kowa ba a lokacin shi ne, maganarta ta fara shiga ta. Na san ranar da ya dawo daga Doguwa, na san abin da ya faɗa mini a zaure. Duk da haka in ina noma sai in tsinci kaina ina tunanin lambar mota kawai na gani. In wayata ta yi ƙara da baƙuwar lamba, sai in yi saurin ɗauka ko shi ne.

Wata safiya ta tashi za ta yi alwala ta yanke jiki. Muka kai ta asibiti aka yi mata ƙarin ruwa. Ma'aikaciyar jinyar ta kira ni waje ta ce ba wata sabuwar cuta a jikinta, yunwa ce, kuma mai suga ba ya jure irin wannan. Ta ce, "Ruwan nan da muke sa mata ba abinci ba ne. In kun mayar da ita gida haka, za ku dawo da ita, kuma ban san a yaya ba." Da na koma ciki na ga zoben Inna ya zame daga yatsa yana kan zanin gado.

Washegari na shiga mota zuwa Kano. Na yi tambaya har aka nuna mini ofishin masu fim ɗin. Wani mutum mai gilashi ya karɓe ni, da ya ji ko ni wane ne ya miƙe ya kama hannuna da hannu biyu ya yi mini ta'aziyya. Ya ce sun sa addu'a ga Yaya a rubutun ƙarshen fim ɗin. Na ce ban kai ƙarshen ba. Na gaya masa abin da ya kawo ni, ya cire gilashin ya daɗe yana goge shi.

Ya ce in kira ta ya yi mata magana da kansa. Na kira wayar matata, don na taho da tawa, aka kara wa Inna a kunne.

"Mama, ina wuni? Ni ne ɗaya daga cikin waɗanda suka yi fim ɗin nan. Mama, wallahi wasan kwaikwayo ne. Akwatin nan ba ya komai, mu muka haɗa shi da hannunmu."

Muryarta ta fito ƙasa-ƙasa. "Sannu ɗan nan. Allah ya yi muku albarka da kuka kula da shi. Ba ni shi mu gaisa."

Mutumin ya dube ni. Da aka kashe wayar na tambaye shi ina akwatin yake. Ya ce ya yi nauyi, ba su dawo da shi ba, sun bar wa wani dattijo da rugarsa take kusa da inda suka yi aikin. Ya kwatanta mini hanya.

Da na gaya wa Inna zan kai ta inda akwatin yake, a ranar ta sha kunu rabin kofi ba tare da an roƙe ta ba. Ta sa aka ɗauko mata atamfar da ya kawo mata ta ƙarshe. Ta ce a dama fura a zuba a jarka, kuma a soya gyaɗa, don yana so. Matata ta dube ni, na ce ta yi yadda aka ce.

Wani abokin Yaya ya ba da motarsa ya kuma ja mu. Muka fita da sassafe, muka bi ta Kwanar Ɗangora, muka wuce Tudun Wada. Inna tana baya, jarkar tana kan cinyarta. Da muka shiga dajin Falgore na ƙi kallon gefen titi, direban ma ya ƙara wuta. Bayan Doguwa kwalta ta ƙare. Motar tana tsalle a kan duwatsu, ina jin numfashin Inna yana sama-sama, ina tambayar kaina ko kashe ta na ɗauko yi. Na ce a tsaya ta huta. Ta ce a'a.

Rana ta ɗaga sosai muka isa rugar. Dattijon ya fito, dogo, da sanda a kafaɗa. Na gaishe shi na ce, "Baffa, wurin akwatin 'yan fim muka zo." Ya yi dariya ya ce samari suna zuwa daga nesa su ɗauki hoto a ciki. Sannan ya ga Inna ana fito da ita daga mota, ya daina dariyar. Na gaya masa ita ce mahaifiyar wanda aka kwantar.

"Direban? Allahu akbar. Mun ji labari. Allah ya jiƙansa."

Inna ta yi kamar ba ta ji ba.

Akwatin yana bayan bukkar matarsa. Tsohuwar firiza ce irin ta masu sayar da ƙanƙara, an shafe ta da fenti ruwan azurfa, an manna mata bututan roba da murafan kwalba. Fentin ya fara ɓarewa. Matar dattijon tana ajiye dusa a ciki saboda awaki. Ta yi sauri ta kwashe buhun, ta share cikin da tsintsiya.

Inna ta saki hannuna ta ƙarasa da kanta. Ta shafa murfin. Ta leƙa ciki, ta daɗe, ta sa hannu ta taɓa ƙasan inda aka huda rami.

"Ina ake dannawa?"

Dattijon ya ce, "Ba a danna komai, Inna. Ta ramin nan suke zuro fitila. Murfin kuma igiya ce, ni ma na taya su ja, da wanda yake ja ya gaji. Ɗanki ya sha wahala a ciki. Zafi, ga cinnaku. In an ce ya tashi sai ya tashi yana atishawa, a ce a sake. Har ya ce musu in suka ƙara shi ma sai an biya shi kuɗin lodi, tunda kaya ya zama."

Direbanmu ya yi dariya, ya haɗiye ta.

Inna ta ce, "Yanzu ina suka kai shi?"

"Ai ya tafi gida tun lokacin. Shi ya kwashe musu kaya."

"Ku ba za a gaya muku ba," in ji ta, a hankali, ba da faɗa ba.

Na kawo ta iyakar inda zan iya, ta ga abin da idonta, ta taɓa, kuma bai canza komai ba. Na tsuguna a gefen firizar na dafe kai. Ban san me zan yi gobe ba.

Sai na ji ta ce a nuna mata inda aka ajiye akwatin ranar. Dattijon ya ce ba nisa. Muka bi shi, ni da matarsa muna riƙe da ita, har wani fili a gaban wani dutse mai tsage a tsakiya. Na gane dutsen. Inna ta ciro wayar daga ƙugunta ta taɓa, ta ɗaga ta, tana duban wayar tana duban filin. Ta kalli wurin nan fiye da duk wanda ya yi fim ɗin, babu abin da ba ta sani ba a cikinsa.

Ta ce, "Ba nan ba ne."

"Nan ne, Inna."

"Akwai ɗorawa ta hannun hagu. Ga ta nan." Ta nuna masa. A bayan kan Yaya akwai babbar ɗorawa, jajayen furanninta suna reto kamar tuntu. Ni ban taɓa lura da ita ba.

Dattijon ya ce, "Ɗorawar? Ga ta can kwance."

Muka juya. Gungumen yana cikin busasshiyar ciyawa, saiwoyinsa a sama. An sare rassan an yi itace, ɓawon ya zube, gara ta yi gini a jikinsa har ta rufe gefe guda.

"Iskar ruwan farko ce ta tumɓuke ta. Ko shuka ba a yi ba. Saura kaɗan ta danne min maraƙi."

Inna ta ce, "Ruwan farko."

"Na farkon fari."

Ta taka zuwa wurin gungumen. Ta sa farce ta ɓanɓare ginin garar, ta murza ƙasar a yatsunta, ta dubi inda ciyawa ta fito ta girma ta bushe a cikin ramin saiwar. Inna ta yi shekaru tana sayen kalwa tana daddawa, ba sai an gaya mata lokacin da ɗorawa take fure ba, ba kuma sai an gaya mata daɗewar itace a ƙasa ba. Ta sake duban wayar, inda bishiyar take tsaye da furanninta, Yaya yana tashi a ƙarƙashinta.

Ta tambayi matar dattijon, ba shi ba. "'Yar'uwa, da ta faɗi, masara ta yi goyo?"

Matar ta ce, "Wace masara, ko huɗa ba a yi ba."

Inna ta zauna a kan gungumen. Wayar tana ta yi a hannunta har ta ƙare, ba ta sake taɓawa ba. Can ta miƙo mini ita ba tare da ta dube ni ba.

"Auta, ka san wurin?"

Na ce na sani.

A hanyar dawowa muka tsaya a ƙauyen da ke bakin dajin. Makabartar tana bayan gari, an kewaye ta da aduwa. Inna ba ta shiga ba, ta tsaya daga bakin shingen, na nuna mata jerin da yake. Ban iya cewa ga nasa ba a cikinsu, damina ta daidaita su.

A wurinmu kafin a fita da mamaci akan kira uwarsa ta zo ta yi masa addu'a ta yafe masa. Inna ta gyara mayafinta, ta dafa kafaɗata don kada ta faɗi. Muryarta ba ta da ƙarfi, amma na ji kowace kalma.

"Ban zo da wuri ba. Ba ka taɓa saɓa min ba. In ma akwai, na yafe, duniya da lahira. Allah ya sa ka huta."

Sai kukan ya zo. Ba irin na mata a gidan mutuwa ba ne, wani sauti ne daga ƙirji, kamar na wanda aka danne. Ta durƙushe a ƙasa, na durƙusa tare da ita. Wasu mata da suka dawo daga rijiya suka sauke tulunansu suka tsaya daga nesa, ba su tambayi komai ba. Mun daɗe a haka.

Da muka koma mota ta ce a ba wa matan gyaɗar sadaka. Direba ya kai musu. Ya tayar da mota, muka hau titi, ta jingina kai da gilashi, ido a rufe. Na ɗauka barci ya ɗauke ta. Mun kusa Tudun Wada na ji tana kokawa da murfin jarkar, hannunta ya kasa. Na karɓa na buɗe mata, na zuba a murfin kwano. Furar ta yi tsami saboda zafin rana. Ta kurɓa, ta tsaya, na ga maƙogwaronta ya motsa. Ta dawo da rabi a gefen zaninta. Ta goge baki, ta huta, ta miƙo murfin.

"Ƙara kaɗan."

Na ƙara mata, na ce wa direba ya rage gudu.